Tirelolin Siminti Ba Su Ƙaru Ba

Duk ofishin ƙididdiga babu mai kiran yayata da sunanta. Malama Kusan suke ce mata, daga Darakta har mai shara, domin ba ta taɓa faɗin lamba ba ta maƙala mata "kusan" ba. Tun muna yara haka take. Ka tambaye ta shekarunta ta ce kusan kaza, sai ka ce ba ta nan ranar da aka haife ta. Ni kuwa ba na son jan rai, in abu fari ne a ce mini fari. Shi ya sa na zama nas ita ta zama mai ƙiyasi, shi ya sa kuma muka yi furfura muna faɗa.

Aikinta ba mai wuyar faɗa ba ne, yinsa ne wahala. Cikakken lissafin arzikin ƙasa sai ya ci shekara kafin a gama haɗa shi, gwamnati kuwa ba ta iya jira. Duk bayan wata uku sai ta turo ofishinsu da tambaya ɗaya: tattalin arziki ya ƙaru ko ya ragu, kuma da kashi nawa? Sai su ɗauki abubuwan da ake samu da wuri, kamar wutar lantarkin da aka sayar, da kayan da suka shigo ta kan iyaka, da harajin da aka tara, su zuba wa kwamfuta, ta fito da lamba. Yaya ce ke duba lambar ta sa hannu kafin Darakta ya kai sama. A kan wannan lamba ma'aikatar kuɗi ke gina kasafin shekara, daga kasafin kuma ake yankar wa lafiya nata rabo.

To, ƙasar tamu ƙarama ce. In ka karya kumallo a wannan iyakar za ka ci abincin rana a waccan. Kamfanin siminti ɗaya gare mu, tashar wuta ɗaya, babban asibiti ɗaya, a cikinsa ɗakin wankin ƙoda ɗaya tak, inda nake aiki. A ƙasa irin wannan in kamfani ɗaya ya yi tari, lissafin kowa sai ya kama mura. Yaya ta san haka, don haka ba ta yarda da kwamfuta sai ta taka da ƙafarta. Tana da wani baƙin takalmi mara tudu da ya cinye ta gefe ɗaya, da shi take zuwa kasuwar 'yan katako, ta leƙa gidajen burodi ta tambayi buhu nawa suke kwaɓawa yanzu, ta tsaya a bakin iyaka ta sha rana da direbobi. Yaran ofis suna mata dariya, wai an sayo musu kwamfuta mai tsada amma Malama Kusan ta fi yarda da duga-duganta. Ba ta taɓa kula su ba.

Mijinta Dogo mai koyar da tuƙi ne. Rabin direbobin garin nan shi ya koya musu, kuma yakan ce sauran rabin su ne ke haddasa haɗari. Mutum ne mai barkwanci, ni kuwa abokiyar wasansa ce tun ranar da ya zo neman auren Yaya na ce masa ya sunkuya kada ya cire mana ƙofa. Da ƙodarsa ta gaza sai ya zama majinyacina. Sau uku a mako yake zuwa, in ɗaura masa inji, jininsa ya fita ya bi ta filta, wato robar da ke tace dattin, ya koma jikinsa. Kowane wanki da sabuwar filta, kuma daga waje ake sayo ta. In babu filta, injin nan ba shi da maraba da kabad. Ran Dogo a kan wannan robar yake, shi da duk wanda ke kwance a ɗakin.

Gadon bakin taga ya zaɓa, domin tana kallon babban titi. Yana kwance da allura a hannu yana gyara wa direbobi tuƙi, ƙafarsa ta dama tana taka burkin da babu shi.

"Dubi wancan sakaran! Ƙanwata, zo ki ga yadda ake shiga kwana da giya huɗu. Wallahi ba ɗalibina ba ne."

Yaya kan zo ta zauna a gefensa in ta tashi daga aiki, ita ma idonta a titi, amma ba tuƙi take dubawa ba. Ta wannan titin tirelolin kamfanin siminti ke wucewa.

Wata rana ta shigo fuskarta a murtuke. Na ce lafiya? Ta ce kwamfuta ta ba da kashi shida.

Ni kam guɗa ce kawai ban yi ba. Shekara da shekaru muna jin ɗaya da rabi, biyu, yau ga shida. Na ce, "Yaya, ai abin farin ciki ne! Kin shigo kamar wadda aka aiko da saƙon rasuwa."

"Wutar da aka sayar ce ta yi tsalle," in ji ta. "Kamfanin siminti ne ya ja kusan duka ƙarin. Kwamfuta ta ɗauka aikinsu ya ninka." Ta nuna taga da haɓa. "Wata nawa ina zaune a nan? Tirelolin nan ba su ƙaru ba."

Washegari ta sa baƙin takalminta ta tafi kamfanin. Abin da ta tarar ba wani sirri ba ne, kowa a can ya sani, ba dai wanda ya tambaye su ne. Kamfanin yana da nasa katafaren injin wuta da yake aiki da shi tun fil'azal. Injin ya lalace, kayan gyara ba su iso ba, sai suka koma sayen wutar gwamnati. Simintin da suke yi jiya shi suke yi yau, ko buhu bai ƙaru ba. Da Yaya ta cire wannan ta sake lissafi, shida ta koma kusan biyu.

Ta kai wa Darakta. Kada in zalunce shi, ba mugun mutum ba ne, kuma ya san aikinsa. Ya ce mata, "Malama, hanyar lissafin nan ba ni na ƙirƙire ta ba, an zauna an amince da ita. In yau muka cire abin da bai yi mana ba, gobe wani zai zo ya cire abin da bai yi masa ba, shi ke nan lambarmu ta zama ta son rai."

Ta ce, "Yallaɓai, na yarda. A bar shida. Amma a rubuta a ƙarƙashinta cewa injin kamfani ne ya mutu, in ban da shi biyu ce."

Ya cire tabarau ya murza ido. Ashe Ministan kuɗi ya riga ya ga shida, har an yi masa barka. Yaya ta ce to ita ba za ta sa hannu ba.

A gidansu na same ta da yamma tana yanka albasa, Dogo yana kishingiɗe a falo. Ban ko ajiye jaka ba na hau ta.

"Yaya, ke wace irin mace ce? In lamba ta yi sama kasafin lafiya ya yi sama. Mijinki na kan inji, Allah ya kawo mana sauƙi har gida, ke kuma kin tsaya a ƙofa kin ce ba zai shigo ba? Me zai ragu a jikinki in kin sa hannu?"

Ta ajiye wuƙar. "Ke da kike asibiti, kin manta shekarar da aka yi ta raba majinyata da magani a tsakiyar shekara? Me ya jawo?"

Ban manta ba. Shekarar ce muka riƙa rubuta wa mutane ko auduga su sayo a waje.

"Lamba aka kumbura," ta ce. "In an ce shida, za a tsara kashe kuɗin shida. A farkon shekara a ba da kwangilar gini, a sayi motoci, a ɗauki ma'aikata. Haraji kuwa na biyu zai shigo, don shi ba ya karanta jarida. In aka kai tsakiya aljihu ya bushe, me za a yanke? Albashi ba ya yankuwa, ku da ƙungiyarku za ku rufe asibiti. Ɗan kwangila ya riga ya karɓi nasa. Abin da ke saura shi ne abin da ake saya wata-wata daga waje. Faɗa mini sunansa."

Na san sunansa: filta.

"In an ce biyu, kowa zai tsuke, ba gini ba mota, amma za a fara da magani. Ba don gaskiya kawai nake yi ba, kada ki ɗauke ni waliyyiya. Filtar mijina nake karewa."

Dogo ya ɗago murya daga falo. "Ƙanwata, ki bar ta. Matar nan ban taɓa cin ta a gardama ba, ni da na koya wa sojoji fakin."

Ban bar ta ba. Na ce mata taurin kai ne, ita kaɗai ba za ta tare gwamnati ba, za a kore ta a banza a kuma fitar da lambar. Har yau ina nan a kan cewa rabin maganata gaskiya ce.

Aka kira babban taron kasafi a zauren ma'aikatar kuɗi. Ni ma ina ciki, a kujerun baya, a matsayin wakiliyar ƙungiyar nas-nas. Sanyin na'ura kamar ɗakin ajiye gawa, ga ruwan roba a gaban kowa. Darakta ya tashi ya karanta shida, muryarsa ƙasa-ƙasa, aka tafa. Babban sakataren lafiya ya tashi ya ce albarkacin wannan bunƙasa za a gina sabon ɓangare mai hawa uku a babban asibiti, aka sake tafawa. Minista yana ta gyaɗa kai.

Sai na hango Yaya ta miƙe daga layin ma'aikata a bayan Darakta. Ba wanda ya ba ta izini, ba ta da makirfo, ba ta kuma buƙace shi ba.

"Ranka ya daɗe, a gafarce ni. Ni ce mai sa hannu a kan lambar nan, kuma ban sa ba. Arzikin ƙasa bai ƙaru da shida ba. Injin wutar kamfanin siminti ne ya lalace suka koma sayen tamu. Lambar gaskiya kusan biyu ce. In kuka kashe kuɗin shida, kafin shekara ta ƙare babu magani a asibiti. Na faɗa a gaban kowa, kada gobe a ce ba a sani ba."

Darakta ya sunkuyar da kai kamar mai neman allura a ƙasa. Babban sakataren lafiya ya waiga yana yatsina, ya ce, "Wace ce wannan matar? Wa ya shigo da ita?"

Ni da na zo da haushinta a ciki, ban san lokacin da na tashi ba. Na ce, "Yayata ce! Kuma mijinta na kan inji a ɗakina, in kana son ganin wanda za a yanka ka zo in nuna maka gadonsa!"

Tare aka fitar da mu. A bakin ƙofa ta dube ni ta ce, "Ke kuma wa ya sa bakinki?" Ko na gode babu. Haka Yaya take.

Ba su kore ta ba, sun fi haka wayo. Aka mayar da ita ɗakin ajiyar tsofaffin takardu a ƙasan bene, inda babu taga sai fanka mai kuka. Aka fitar da shida da sa hannun wani. Kullum sai ta yi wanka ta sa baƙin takalminta ta tafi a kan lokaci, ta zauna cikin ƙura, ta ƙi neman canji ta ƙi ajiye aiki. Ta ce in sun gaji da ganinta su ne za su kawar da kai.

Ta je wurin Mai Sito na asibitinmu ta roƙe shi ya sayi filtar shekara gaba ɗaya tun kuɗi na nan. Bawan Allah ya yi ƙoƙari, ya rubuta sama, aka dawo masa da amsa cewa a shekarar bunƙasa babu dalilin tara kaya. Ɗan abin da ikonsa ya kai ya ƙara, ba yawa.

Aka zo aka aza harsashin sabon gini daidai ƙarƙashin tagar Dogo, da rumfa da masu ɗaukar hoto. Dogo ya leƙa ya ce, "To, ga simintin ya samu masu saye." Muka yi dariya, har da Yaya.

Bayan tsakiyar shekara abin ya fara. Da farko aka ce jirgin kaya ne ya makara. Daga baya aka ce ma'aikatar kuɗi ba ta saki kason wata ba. Sannan takarda ta fito a fili: harajin da aka yi tsammani bai shigo ba, kowane sashe ya rage sayayya. Leburorin gini suka kwashe shebur suka tafi, suka bar ƙarafa a tsaye suna tsatsa. Mu kuma aka ce mu mayar da masu wanki sau uku a mako zuwa sau biyu.

Ni ce shugabar ɗaki, ni ke raba ranaku. Wallahi ban taɓa tsanar aikina ba sai a lokacin. Mutum ya zo ƙafa a kumbure, numfashi sama-sama, in ce masa ba yau ba, sai jibi. Masu hali suka riƙa sayo filta daga ƙetare. Yaya ta sayar da motar koyon tuƙin Dogo, mai burki biyu, wadda ya fi so fiye da ni da ita in an haɗa. Kuɗin ya riƙe shi zuwa wani lokaci. Daga baya ko da kuɗinka babu filtar a gari.

Na so in saka shi a ranakun wasu, ba zan ɓoye ba, kuma ina da ikon yi. Shi ya hana. Ya ce, "Ƙanwata, layi layi ne. Ni na koya wa mutane kada su yi satar hannu, ba zan yi ta a kwance ba." Yaya tana zaune, ta riƙe hannunsa mara allura.

Daga biyu aka koma ɗaya. Dogo ya daina gyara wa direbobi tuƙi. Fuskarsa ta kumbura har idonsa ya ƙanƙance, ƙafar nan mai taka burki ta yi nauyi ta kwanta. Wata safiya, ana saura kwana ɗaya ranarsa ta zagayo, Yaya ta kawo shi a motar haya yana haki. Na birkice duk sito da hannuna, na buga waya duk inda na sani, babu. Kafin azahar ya cika, a gadon bakin taga, injin yana tsaye a gefensa a kashe.

Na yi kuka har na rasa murya. Yaya ba ta yi ba a lokacin. Ta rufe masa ido, ta gyara masa bargo, ta tsaya tana kallon ƙarafan ginin nan na ƙasa.

Muna zaman makoki Darakta ya zo. Ya cire takalmi ya zauna a ƙasa, ya yi gaisuwa yadda ya kamata, ya daɗe yana juya hula a hannu. Sannan ya ce cikakken lissafi ya fara fitowa, an gyara lambar wancan lokacin, biyu ce da ɗan ɗigo. Ya ce kujerarta na nan, yana roƙo ta dawo.

Jinina ya hau. Na ce, "Yallaɓai, yanzu ka zo? A wane shafi aka buga gyaran? Wa ya tafa? Ka ɗauki biyunka da ɗigonka ka kai maƙabarta ka karanta masa!"

Yaya ta ɗaga mini hannu. Na ɗauka za ta kore shi, na ma fara matsar masa da takalminsa. Sai ta ce, "Zan dawo."

Na ce, "Yaya!"

"Zan dawo, Yallaɓai, amma ka ji da kyau. Duk lambar da za ta fita, abin da na gani da idona zai fita a ƙarƙashinta, a shafi ɗaya, kafin Minista ya gani ba bayan ya gani ba. Ran da aka cire layin nan zan sake tashi a zaure, ko da makirfo ko babu. In ba ka iya ba, ka bar ni a ƙasan bene, na saba da fankar."

Ya ce ya ji. Da ya fita na rufe ta da faɗa, na ce mutanen da suka kashe miki miji za ki koma ki yi wa aiki? A nan ne ta fashe da kuka, irin wanda ban taɓa ji daga bakinta ba tun muna yara. Cikin kukan ta ce, "In na bar musu kujerar, wa zai je ya duba injin? Ɗakinki ba Dogo kaɗai ne a ciki ba."

Ta koma. An ce yaran ofis sun daina dariyar takalmin, ban sani ba, ban kuma damu ba. Filta ta dawo a sabuwar shekara, ginin yana nan yadda aka bar shi, awaki na kwana a ciki.

Har yanzu in ta tashi daga aiki takan biyo ta ɗakinmu. Wani tela ne a gadon bakin taga yanzu, mai 'ya'ya ƙanana. Takan gaishe shi, ta ja kujerar da ta saba zama, ta juya ta ga titi. Na sha ce mata ta tafi gida, wurin nan ba ya ƙara mata komai sai ciwo. Ba ta ji.

Makon jiya ta daɗe a zaune, har na gama cire wa telan allura. Da na zo wucewa ta kama gefen rigata, idonta bai bar titi ba.

"Tirelolin sun ragu," ta ce. "Ki gaya wa Mai Sito ya sayi filta yanzu, kada ya jira kowa."

Ban tsaya cire safar hannu ba, na gangara sito.